Neman shawara: wane karatu ake yi a zama mai aikin gyaran matasa?

Kocin_Layi ya rubuta:

Assalamu alaikum jama'a, dan Allah shawara nake nema kuma ku yi haƙuri zan ɗan ja zancen. A Kano nake, shekarata 24, na gama sakandare tun 2019 da kiredit biyar har da turanci da lissafi amma yanayin gida bai bari na ci gaba ba. Yanzu da safe ina zama a shagon cajin waya na yayana, da la'asar kuma ina koya wa yaran unguwarmu ƙwallo a filin bayan firamare, sun kai su talatin, daga ɗan shekara 12 zuwa 17.

Abin da ya taso da maganar, akwai golana, yaro ne bai wuce 15 ba, wallahi duk unguwar ba mai kamun ƙwallo irin nasa. Sai ya fara makara, in ya zo ido jawur, harshe na karyewa. Rannan muna tsaka da wasa ba wanda ya taɓa shi kawai ya zube a raga yana karkarwa, kumfa na fita a baki, muka ɗauka iska ce, sai da ake cire masa takalmi na ga katin tiramol a cikin safa. Da ya farfaɗo raina ya ɓaci na zazzage shi a gaban yara na ce kar na sake ganinsa sai bayan sati biyu. Yau wata huɗu kenan bai dawo ba, an ce a bakin kududdufi yake wuni da su wane, kun dai gane irin mutanen.

Abin nan ya hana ni barci. Na gane son yara kaɗai bai isa ba, akwai abin da ban iya ba. To tambayata, shin akwai makarantar da ake koyar da wannan aikin na kula da yaran da ke neman lalacewa, masu shaye-shaye da daba da waɗanda suka bar makaranta? Wane kwas ne, shekara nawa, kuma tsakani da Allah mutum zai iya riƙe gida da shi?

Anti_Walwala ta rubuta:

Wa alaikumus salam ƙanina. Allah ya yi maka albarka da ka damu, da yawa korar za su yi su kwanta su yi minshari. Ni na haura shekara ashirin a ofishin jin daɗin jama'a, wanda mutane ke cewa soshiyal walfiya, kuma eh, karatu ne ake yi kamar na malanta ko na jinya.

Hanya mafi kusa gare ka ita ce poli. Ka yanki JAMB ka nemi difloma ta ND a kwas ɗin da za ka ga an rubuta Social Development, shekara biyu ce, a tsakiya akwai zaman koyon aiki na 'yan watanni da ake tura ɗalibi ofis ko asibiti ko gidan yara, in ka gama ka yi shekara ɗaya kana aiki sai ka koma HND, wato babbar difloma, wata shekara biyun. Kaduna Poly sun daɗe suna yinsa, makarantar Kano Poly da ke Rano ma da wannan fannin aka santa tun da. In digiri kake so, Nsukka da Ibadan suna da sashen Social Work nasa na kansa, a nan BUK kuma akwai nazarin zamantakewa, akwai kuma na ba da shawara a tsangayar ilimi, shi ne masu zama malaman gaidans a makarantu ke yi. Kuma tun ƙarshen 2022 da marigayi Shugaba Buhari ya sa hannu a dokar kafa majalisar da za ta riƙa yi wa masu wannan aiki rajista, takarda ta ƙara nauyi, aikin ya tashi daga na duk wanda ya ga dama.

Amma bari na faɗa maka ainihin abin da ake koya, don mutane na ɗauka wa'azi ne. Abu na farko da aka fara cire mana shi ne yawan magana. Za a koya maka buɗe fayil ga kowane yaro, rubuta rahoton da alƙali zai karanta kafin ya yanke ko a kai yaro gidan ajiye yara irin na Goron Dutse ko a damƙa shi ga iyayensa, riƙe sirri, da sanin lokacin da abu ya fi ƙarfinka ka miƙa shi gaba. Sai ziyarar gida, wadda ni a wurina ita ce rabin aikin. In na shiga gida ba na fara tambayar me yake sha. Tabarma nake nema na zauna kusa da uwar ko tana tankaɗe ko tana wanke-wanke, mu gaisa sosai, can sai na ce Hajiya a ina yake kwana? Sau da yawa nan zancen yake fashewa, za ka ji ai ya girma ɗaki ya yi mana kaɗan tun bara yake kwana a shago da abokansa. Wa ke zuba masa abincin dare? Shiru. Uwar tana gidan ko an sake ta? Wani yaron ba wanda ya kira sunansa da daɗi tun da uwarsa ta fita, to ranar da wani babba a daba ya ce masa zo nan ƙanina ga shayi, an gama.

Shi ya sa maganar golanka ta taɓa ni. Ba ina ɗora maka laifi ba ne, amma wataƙila filin nan shi ne wuri ɗaya da ya rage ake yaba masa, kuma a nan aka kunyata shi. Kar ka jira sai ka yi difloma. Ka je ka same shi shi kaɗai, ba a gaban abokan ba, kar ka ambaci ƙwaya ko sau ɗaya, ka ce masa raga ba kowa kana buƙatarsa.

Dan_Tudun_Wada ya rubuta:

Anti ta gama magana a kan karatu, ni ɓangaren tuwo zan taɓa don na yi ND ɗin kuma na san yadda na sha. Malam kar ka saki shagon yayanka, ina maimaitawa kar ka saki. Gwamnati ba kullum take ɗaukan ma'aikatan walwala ba, ni sai da na yi shekara biyu ina aikin sa kai kuɗin mota kawai ake ba ni, daga baya na samu wata ƙungiya a Maiduguri muna aiki da yaran da rikici ya raba da iyayensu, albashi mai kyau wallahi amma kwantiragin wata shida ne, kullum gabanka na faɗuwa ko za a sabunta, kuma da Amurka ta dakatar da tallafinta a farkon 2025 da yawanmu aka sallama rana ɗaya.

Inda ake samun mai ɗorewa: hukumar NDLEA tana da ɓangaren ba da shawara da gyaran hali ba kamu kaɗai suke ba, sai hukumar gidajen gyaran hali, tun dokar 2019 da ta canza musu suna aka ƙara musu aikin sa ido kan waɗanda kotu ta yanke wa hukuncin da ba na ɗauri ba, ga kuma gidajen bosta, wato na horar da matasa masu laifi, a Kaduna da Ilorin da Abeokuta inda ake koya musu kafinta da ɗinki da walda. Asibitoci ma suna da ofishin walwala. Duk waɗannan sai da takarda. Kuma ka koyi kwamfuta da rubuta rahoto da turanci mai kyau tun yanzu, na ga waɗanda suka fi ni iya zama da yara nesa ba kusa ba an bar su a baya saboda rahoto.

Oga_Mai_Walda ya rubuta:

Yarona ne yake rubuta min wannan ni ban iya latse-latsen nan ba. Ɗana, ni ban yi boko ba amma shekara talatin ina walda kuma yaran da suka fita a hannuna suka buɗe nasu wurin sun fi ashirin, a cikinsu akwai waɗanda mai unguwa da kansa ya kawo min ya ce ko ka karɓa ko gobe a ji su a hannun 'yan sanda. Ban ƙi karatu ba amma yaro in ka gama yi masa magana mai daɗi ya koma ina? Zaman banza da yunwa su ne uwar abin. Ni ka'idata, ranar farko kuɗin abincin rana nake fara ba shi kafin na nuna masa ko guduma. Wata uku ba na ba shi makulli ba na aikensa da kuɗi mai yawa, ba don ƙi ba, don kar na sa masa jarabawar da ba zai iya ci ba. Wani ya taɓa sace min injin gurza ƙarfe ya sayar, na bi na fanso na ajiye a gabansa na ce ci gaba da aiki, yau shi ke yi wa manyan gidaje ƙofa. Kuma a lura, yaron da ke shaƙar sholisho kar a kai shi wurin mai faci ko masu haɗa takalmi, an kai kura ne gidan mahauta. Shawarata kai ma ka kama wata sana'ar hannu ko gyaran wayar ne tunda kana kusa da ita, ka san ogogi biyar shida da za su karɓi yaro saboda kai. Wanda ya gagara kuwa mu a da bulala ce da mari.

Nas_Barnawa ta rubuta:

Baba Allah ya saka da alheri, maganar abincin rana da ta sholisho ko a aji sai haka. Amma ku yi min afuwa a kan ta ƙarshen. A watan Satumban 2019 'yan sanda sun kai samame wani gidan mari a Rigasa ta Kaduna an fito da mutane sama da 300, da yawa yara, wasu da sarƙa a ƙafa da tabon duka, bayansa aka samu irinsa a Daura da wasu garuruwan. Iyaye ne suka kai su da kuɗinsu don neman gyara. Mu da ke jinyar masu taɓin ƙwaƙwalwa mu muke karɓar irinsu daga baya, shaye-shayen bai tafi ba ga tsoro da ƙiyayya sun ƙaru.

Koci, faɗuwar da golanka ya yi ba iska ba ce, tiramol in an sha da yawa yana kawo jijjiga irin ta farfaɗiya. In ta sake faruwa a kwantar da shi ta gefe, a janye duk abin da zai buge, kar a tura masa cokali ko yatsa a baki kar a ɗura masa ruwa, in ta kai minti biyar ko ta maimaita a yi asibiti da shi. Sannan kar ka sa shi rantsuwa cewa daga yau ya daina. Jikin da ya saba in an yanke lokaci ɗaya akwai ciwon gaɓoɓi da zawo da gumi da rashin barci, masu shan ƙwayoyin barci irin su roci da diyazafam kuwa yankewar farat ɗaya tana iya zama haɗari ga rai, likita ne ke rage musu a hankali. Ga asibitin ƙwaƙwalwa na Dawanau nan kusa da ku, akwai sashen a asibitin Malam Aminu Kano, mu Kaduna namu na Barnawa, na Sakkwato kuma na Kware.

A kan karatu zan ƙara abu ɗaya, akwai gajeren horo da ake kira UTC na kula da masu shaye-shaye, kashi-kashi ake yinsa na 'yan kwanaki, ka riƙa tambaya a ofishin NDLEA ko asibitocin nan lokacin da za a yi. Buƙatar ma'aikata kuwa ba a magana, binciken da aka fitar a farkon 2019 tare da ofishin Majalisar Ɗinkin Duniya mai yaƙi da miyagun ƙwayoyi ya nuna mutum miliyan 14.3 a Najeriya ke amfani da su, kuma ɗaya cikin huɗu mace ce, su 'yan matan a ɗaki suke sha ba mai gani, ga ƙarancin mata a aikin, duk wadda ke karanta wannan tana sha'awa dan Allah ta shigo.

Kuma ka kare kanka. Kar ka keɓe da yaro a rufaffen ɗaki, kar ka kai shi gidanku ya kwana, iyayensa su san duk inda kuke. Zai iya dainawa wata biyu ya koma, hakan na faruwa sosai, ranar za ka ji kamar ka yi kuka, ka samu babba a aikin da za ka riƙa kai wa damuwarka.

Kocin_Layi ya rubuta:

Wallahi na rasa bakin godiya, Allah ya biya ku duka. Anti na bi maganarki, jiya bayan magariba na tare shi a hanyar mai shayi shi kaɗai, ya rame sosai har na ji ƙwalla, da ya gan ni ya so ya juya sai na miƙa masa safar hannunsa ta gola da ya bari a jakata tun ranar, na ce Asabar muna da wasa da 'yan layin makabarta kuma wanda ke raga yanzu ci shida aka zura masa. Bai ce komai ba, ya daɗe yana juya safar, can ya ce Koci ba ni da takalmi na sayar. Na ce a zo a haka. Mun sha shayi na biya, na tambaye shi inda yake kwana kamar yadda kika ce, ashe a cikin wata matacciyar bas ce a gareji.

JAMB in sha Allahu zan yanka da an buɗe, shago kuma ina nan. Tambayata yanzu, zuwa gidansu fa, in je ni kaɗai ko in nemi mai unguwa? Babansa mutum ne mai zafi.

Anti_Walwala ta rubuta:

Alhamdulillah, ka yi daidai. Kar ka fara da mai unguwa, uban zai ga kamar ƙararsa aka kai. Ka fara faɗa wa yaron cewa kana son zuwa, in bai yarda ba ka dakata tukuna. In ya yarda ka nemi wani dattijo da uban ke jin nauyinsa, limamin masallacinsu ko abokin kasuwarsa, ku je bayan isha'i a zaure, kai kuma ka ce ka zo ne neman izini ɗansa ya tsare maka raga ranar Asabar. Maganar wurin kwana ka bar wa dattijon ya ɗauko ta. Ɓangaren uwar kuma ka tura babarka ko yayarka, in uwar ba ta gidan a bincika inda take. Duk abin da aka yi ka rubuta a littafi da kwanan wata, ka dawo ka faɗa mana yadda wasan Asabar ya kaya.