Muhawara a zauren 'yan Arewa mazauna Agege: 5 + 3 × 4, nawa ne?

Alhaji Sani: Salamu alaikum jama'a. Ɗana Nura da ke JSS 1 ya dawo jiya yana share hawaye. An ba su 5 + 3 × 4, ya rubuta 32, malama ta soke da jan biro, wai 17 ne. Na danna a kalkuletar rumfata a kasuwar Mile 12, 32 ta ba ni. An cuci yaron nan.

Hajiya Rabi: Alhaji, ni kuwa wayata 17 ta ba ni yanzun nan.

Malam Habu: Wa alaikumus salam. Alhaji, malamar na da gaskiya. Ƙaramar kalkuletar kasuwa tana bin lambobi ne yadda aka danna su, biyar da uku takwas, sau huɗu 32. Ƙa'idar makaranta kuwa, wadda suke kira BODMAS, ita ce a fara da ninkawa kafin tarawa.

Alhaji Sani: Wa ya kafa ƙa'idar? Shekara ashirin ina lissafin albasa da tumatir, ba a taɓa kama ni da kuskure ba.

Malam Habu: Ai kai ma ita kake bi. A ce ka biya ɗan dako 500, ka sayi kwando uku, kowanne 2,000. A rubuce 500 + 3 × 2,000 ke nan. Nawa ka kashe?

Alhaji Sani: 6,500 mana.

Malam Habu: To ka ga da ninkawa ka fara. Da ka bi daga hagu, 503 sau 2,000 ne, wato 1,006,000.

Usman: Baba Alhaji bai yi laifi ba da ya tambaya. Yarjejeniya ce ta masu rubutun lissafi. Al-Khwarizmi, wanda aka samo kalmar aljebra daga sunan littafinsa, da kalmomi ya riƙa rubuta matsalolinsa a Bagadaza wajen shekarar 820, babu waɗannan alamomin. Amma WAEC da wannan ƙa'idar take gwada yara, kuma idan Nura ya kai kan 3x + 500 = 6,500, sai ya san 3x, wato 3 sau x, lambar da ake nema, dunƙule ɗaya ne kafin ya gano x 2,000 ne.

Hajiya Rabi: Ni abin da ya dame ni jan biron ne. Ta soke, ba ta zauna ta nuna masa dalili ba.

Alhaji Sani: Na yarda da lissafin kwando, Malam. Amma har yanzu ina ganin da ta sa 3 × 4 cikin baka biyu, wato (3 × 4), da yaro bai ruɗe ba. Usman, ka biyo ta gida bayan la'asar, ku zauna da Nura.

Usman: To Baba, insha Allah. Ya ajiye min littafin.