Na gyara tsohuwar CG ɗin Baba ko na sayar na sayi Boxer?

Salam 'yan uwa, dan Allah shawara nake nema. Mahaifinmu Allah ya jiƙansa ya bar mashin Honda CG125 a zaure nan Jekadafari cikin Gombe, ta kai shekara tara ba a tada ta ba, tayoyi sun tsattsage, tanki ya yi tsatsa, amma in ka taka kik injin yana juyawa bai kafe ba. Da aka raba gado ita ta faɗo min. Yanzu an tura ni koyarwa Kumo kullum sai na je na dawo, kuɗin mota na neman cinye albashin. Yayana ya ce na sayar da ita na cika na sayi Boxer, ni kuma wallahi a kanta Baba ya riƙa kai mu makaranta mu uku, raina ya kasa. Me kuke gani?

Bakanike daga Tashan Dukku:
Allah ya jiƙan Baba. Malam kar ka sayar tukuna. Tunda injin na juyawa an yi rabin aiki. Ka san dalilin da ya sa CG ba ta mutuwa? Kafin Honda su fito da ita a 1975 sai da suka tura injiniyoyinsu ƙasashen kudu maso gabashin Asiya, suka tarar mutane na labta wa mashin kaya da iyali gaba ɗaya, baƙin mai kuwa ba a juyewa sai inji ya fara kuka. Shi ne suka yi mata inji mai sandunan tura bawul maimakon sarƙar taimin a sama, don ya jure wahala da sakaci. Ai shi ya sa 'yan Sin suka yi ta kwafar injin nan, Pakistan ma har yau suna ƙera ta. Ka wanke kabreta da tanki, ka sa sabon fulogi da baƙin mai, sannan a ji ƙarar ta kafin a yi maganar ringi da fistin.

Ɗan acaɓa, Pantami:
Ni dai gaskiya zan faɗa maka ko ba daɗi. Tafiyar kullum Gombe zuwa Kumo ba ta tsohon mashin ba ce. Boxer ta Bajaj ce daga Indiya, ba ta shan mai sosai, kuma ko a ƙauye ta tsaya maka za ka samu mai gyara da kayanta. Tun da aka cire tallafin mai a 2023 kowa lita yake lissafi. CG ta fi ta ƙarfi ban musa ba, amma kayanta na asali sai ka sha yawo, yawanci na Sin za a sa maka.

Wata malama:
Ƙanena ka riƙe abin mahaifinka. Mu an sayar da Vespa ɗin babanmu da arha, har yau in na ga irinta a hanya sai na ji wani iri.

Bakanike ya ƙara:
Maganar shan mai, gaskiya ne Boxer ta fi sauƙi, amma ka tambayi kuɗin sabuwa yanzu ka ji, abin da za a ba ka a tsohuwar CG ko kwata ba zai kai ba. Abu ɗaya dai, tayoyi da birki da wayoyin wuta kar ka yi musu rowa, titin Kumo akwai tireloli.

Mai tambaya:
Na gode ƙwarai Allah ya saka. Zan fara da wankin kabreta da tankin ranar Asabar, in ta tashi na gwada ta cikin gari sati biyu kafin na hau babban titi. Oga bakanike, a turo ta shago ne ko za ka iya leƙowa gida ka duba?