Ruwan sanyi da rigar ceto mai iska: kowa ya faɗi abin da ya gani

Baban Hafsa, Dadin Kowa: Salamu alaikum jama'a. Wanda ruwa ya taɓa kamawa da asubar hunturu ya ba mu labari. Mu cikin Janairu kwale-kwalenmu ya kife a dam muna jan koma. A Gongola na koyi iyo tun ina yaro, amma ruwan na taɓa ƙirjina numfashi ya ƙwace, na buɗe baki ba shiri, na kurɓa. Iyon ma sai daga baya na tuna da shi.

Malamin Gubi: Wa alaikumus salam. Sannu Baban Hafsa, Allah ya tsare gaba. Wannan jan numfashin kan halaka mutane tun sanyi bai ratsa jiki ba. Wani masani a Kanada, Gordon Giesbrecht, ya tsara ƙa'idar 1-10-1: minti 1 ka daidaita numfashi, minti 10 hannu da ƙafa na da sauran amfani, kusan awa 1 kafin sanyi ya sumar da kai. Lissafin ruwan ƙanƙara ne, namu bai kai can ba, amma mintin farkon ya shafe mu. In da rigar ceto a jikinka, naɗe gwiwa zuwa ƙirji ka daina fafutuka.

Ɗan Balanga: Malam, in rigar ta tashi ke nan! Tawa mai iska ce, maigida ne ya ba ni, sabuwa fil a ido. Na faɗa, na fizgi igiya, shiru. Ashe 'yar kwalbar gas ɗin da ke hura rigar ta warware daga mazauninta. Bututun baki na lalubo na hura, ina haki ina hurawa.

Kawu Mai Fito: Ɗana, abin da ya raba mai iska da rigar ceto ta soso ke nan, ba ta nuna lalacewa. Ni nakan buɗe tawa in murɗa kwalbar da hannu ta zauna daram, in ta yi tsatsa in canza. Nauyin kwalbar na rubuce a jikinta, ka ɗora a ƙaramin sikeli. In ya ragu, gas ya zurare. Sai in hura rigar da baki in bar ta ta kwana. Ta wayi gari a saɓe, tana yoyo. Kuma kada a sa ta ƙarƙashin rigar sanyi.

Maman Ummi, Gombe: Ta mijina mai tashi da kanta ce. Da damina ya jefa ta a buhu da jiƙaƙƙen taru, tsakar dare muka ji fuuu, yara suka watse. Lema ce ta narkar da ƙwayar da ke harba ta. Yanzu a inuwa muke shanya ta. Kawu, ƙwayar nan tana da wa'adi?

Kawu Mai Fito: Tana da shi, 'yata, duba kwanan watan a jikinta. Kwalbar da ta tashi kuwa ta gama aiki, sai sabuwa.