Darasin zama ɗan ƙasa da sanin duniya a manhaja: ya dace ko ƙarin kaya ne ga yara?

Uwar_Ɗalibai ta rubuta:

Salamu alaikum 'yan uwa, musamman malaman makaranta da ke cikin zauren nan. Akwai abinda ya daɗe yana min yawo a rai ina so a warware min. Yanzu duk inda akace za a sake manhaja sai kaji ana maganar a saka darasin zama ɗan ƙasa, kuma ba a tsaya nan ba har da cewa a koya ma yaro ya damu da abinda ya shafi duniya baki ɗaya, sauyin yanayi, haƙƙin ɗan Adam, zaman lafiya tsakanin al'ummu da sauransu. Tambayata kashi biyu ce. Na farko wa ya kawo tsarin nan, kowace ƙasa ce ta zauna ta ga tana buƙata ko daga sama aka sauko da shi akace kowa ya bi? Na biyu kuma shine yafi damuna, yaron da bai gama sanin tarihin ƙasarsa ba, bai san yadda ake yin doka ba, bai san aikin ɗan majalisar da ke wakiltarsa ba, in aka ɗora masa damuwar duniya a kai ba zai tashi ba tsuntsu ba tarko ba? Don Allah wanda ya san abin ya yi min bayani.

Malamin_Soshiyal ya amsa:

Wa alaikumus salam Hajiya. Bari in ɗauki ta farkon tunda tana da amsa a fili. Abin ba sabo bane kamar yadda ake zato, tun 1974 UNESCO, hukumar ilimi ta Majalisar Ɗinkin Duniya, ta fitar da wata takardar shawara ga ƙasashe kan ilimin fahimtar juna da zaman lafiya da haƙƙin ɗan Adam, lokacin ana tsakiyar yaƙin cacar baka. Amma ya ƙara ƙarfi ne a 2012 da Ban Ki-moon, sakataren Majalisar Ɗinkin Duniya na lokacin, ya ƙaddamar da shirinsa na ilimi mai buri uku: a saka kowane yaro a makaranta, a inganta karatun, sannan a tarbiyyantar da yara da tunanin cewa suna da alhaki a kan duniya. Daga nan aka yi babban taron ilimi a Incheon ta Koriya ta Kudu a watan Mayun 2015, a Satumbar shekarar kuma ƙasashe 193 suka amince da muradun ci gaba guda 17, to a cikin muradi na huɗu akwai sashe na 4.7 wanda shine tushen duk wannan maganar da kike ji. A 2023 aka sabunta waccan takardar ta 1974.

Abinda nake so ki riƙe shine babu ɗaya a cikinsu da yake doka a kan wata ƙasa. Ba wanda za a kai kotu don bai saka darasin ba. Yadda ake auna shi ma ƙasashen ne da kansu suke kai rahoto su ce mun saka a manufar ilimi, mun saka a manhaja, mun saka a horon malamai, mun saka a jarrabawa, wurare huɗu kenan. Don haka ma'aikatar ilimi ta kowace ƙasa ita ke rubuta silabus ɗinta. Sai dai gaskiya ƙasar da ke karɓar tallafi a harkar ilimi tana jin matsin da mai kuɗin kanta bata ji, wannan kam ba sai an ɓoye ba.

Tsohon_Sufeto ya amsa:

Malam ya yi bayani mai kyau amma ni inda nake tsayawa daban ne. Na yi aikin duba makarantu har na yi ritaya, kuma abinda na gani shine saka abu a manhaja shine mafi sauƙin aiki a duk harkar ilimi, kwamiti ya zauna a rubuta a buga a yi taron ƙaddamarwa shikenan. Wa zai koyar? UNESCO da kanta ta ce duniya na buƙatar ƙarin malamai kusan miliyan 44 kafin 2030, miliyan 15 daga ciki a Afirka kudu da Sahara. Bankin Duniya kuma a 2022 ya ƙiyasta cewa kusan kashi 70 cikin ɗari na yara 'yan shekara goma a ƙasashe masu ƙarami da matsakaicin ƙarfi ba sa iya karanta gajeren rubutu su fahimce shi. To yaron da bai iya karanta sakin layi ɗaya ba ta yaya zai karanta tsarin mulkin ƙasarsa balle yarjejeniyar yanayi?

Kuma taimtebur baya miƙewa. Duk sabon darasin da ya shigo akwai wanda aka rage ma piriyod, kuma sau da yawa tarihi da jogirafi ne ke shan wahala, waɗanda su ne ma asalin inda yaro ke sanin ƙasarsa da duniya. Najeriya ta taɓa cire tarihi daga ƙananan azuzuwa aka cusa shi cikin soshiyal, aka yi shekaru ana kuka kafin a dawo da shi. Sannan in aka ba darasin ga malamin da ba fanninsa bane don kawai a cike gurbi, abinda zai yi shine ya rubuta ma'ana a allo yara su kwafa su haddace, su zuba a jarrabawa su manta. Ni ban ƙi darasin ba Hajiya, na ƙi a yi shi a takarda ne kawai.

Ɗalibar_Ilimi ta amsa:

Baba Sufeto Allah ya ƙara lafiya, maganarka ta karatu da rashin malamai babu ja a ciki. Amma ina ganin tambayar Hajiya ta biyu ba a taɓa ta ba har yanzu, kuma ni ban yarda cewa sanin ƙasa da sanin duniya kishiyoyi bane da sai an zaɓi ɗaya.

Ki duba Hajiya, a 2020 korona ta rufe makarantu ga ɗalibai wajen biliyan 1.6 a duniya. Yaron da aka mayar gida a lokacin ya riga ya shiga lamarin duniya ko an koya masa ko ba a koya masa ba. A Maris ɗin 2021 jirgin ruwa ɗaya ya maƙale a mashigin Suez kwana shida, kayan ƙasashe da yawa suka tsaya cak. Kuma kullum wayar da ke hannunsa tana kawo masa labarin yaƙi da hotuna da wa'azi da ƙarya daga ko'ina, ba mai tace masa. To tunda duniyar ta riga ta shigo masa ɗaki, gara a koya masa yadda zai tambayi wa ya rubuta wannan, me yake nema, ina hujjarsa. Finland haka ta yi, bata buɗe wani sabon darasi ba, ta saka tantance labari a cikin darussan da ake da su, na harshe da tarihi da lissafi, a manhajar da ta fara aiki a 2016. Kaga wannan ya amsa matsalar taimtebur da Baba ya kawo.

Wani abin da ya fi burge ni shine na Jamus. Bayan abinda suka gani a zamanin Hitler na yadda aka mayar da makaranta wurin cusa aƙida, masana darasin siyasa sun zauna a garin Beutelsbach a 1976 suka fito da ƙa'idoji uku da har yau ake aiki da su. Malami ba zai danne ɗalibi da ra'ayinsa ba. Abinda ake jayayya a kai a cikin al'umma dole a kawo shi aji a matsayin abin jayayya, a faɗi ɓangarorin duka. Sannan a koya ma ɗalibi ya iya duba lamari ya gane ina maslaharsa take da yadda zai neme ta. Ni a ganina duk ƙasar da zata saka darasin nan ta fara da irin wannan kafin ta rubuta topik ko ɗaya.

Akwai kuma binciken ICCS, wato na ilimin zama ɗan ƙasa, da IEA, ƙungiyar auna ilimi ta ƙasa da ƙasa, ke yi kan yara 'yan kimanin shekara 14, an yi a 2009 da 2016 da 2022, kuma abinda yake ta maimaituwa a ciki shine ɗaliban da suka ce a ajinsu ana barinsu su faɗi ra'ayi su saɓa ma malami cikin ladabi sun fi sanin harkar mulki da haƙƙoƙi. Wato yadda ake tafiyar da ajin yana da nauyi sosai. Makarantar da ake zaɓen monita da shugaban ɗalibai da ƙuri'a, a ƙirga a gaban kowa, wanda ya faɗi ya haƙura ya taya ɗan uwansa murna, ta koyar da abinda babi goma na littafi ba zai koyar ba, kuma wannan baya buƙatar ko sisi.

Uwar_Ɗalibai ta sake rubutawa:

Nagode ƙanwata, Allah ya ƙara basira, na gamsu da batun tantance labari sosai. Amma bari in fito fili da abinda ke raina. A cikin jerin abubuwan da ake cewa a koyar akwai waɗanda suka taɓa tarbiyya da addini da yadda iyali yake, kuma al'ummu basu ɗaya a kan waɗannan. Tsorona kar a ce ana koyar da zaman tare ashe ana koya ma yaro ya raina abinda iyayensa suka ɗora shi a kai. Ina iyaye suke a cikin wannan tsarin, ana tambayarsu kuwa?

Malamin_Soshiyal ya sake amsawa:

Hajiya tsoronki yana kan hanya kuma ba ke kaɗai bace, amma abin mamakin shine takardun duniyar da kansu suna goyon bayanki. Sanarwar haƙƙin ɗan Adam ta 1948, sashe na 26, ta ce iyaye ne ke da haƙƙin farko wajen zaɓen irin ilimin da za a ba 'ya'yansu. Yarjejeniyar haƙƙin yara ta 1989, sashe na 29, ta ce ilimi ya koya ma yaro girmama iyayensa da al'adarsa da harshensa da ɗabi'un ƙasar da yake zaune, sannan da girmama al'ummun da suka bambanta da tasa. Duka a waje ɗaya aka rubuta su. Don haka duk wanda ya zo da manhajar da zata raba yaro da gidansu da sunan sanin duniya ya saɓa ma takardar da yake kafa hujja da ita.

Sannan ki lura haɗarin ta fuska biyu yake zuwa. Kamar yadda ake iya cuso abu daga waje haka gwamnatin gida ma take iya mayar da darasin kishin ƙasa wurin yabon kanta. A Hong Kong a 2012 iyaye da ɗalibai da malamai dubbai suka fito zanga-zanga kan wani darasin tarbiyya da kishin ƙasa da suka ce wankin ƙwaƙwalwa ne, har gwamnati ta janye shi. Ruwanda kuma bayan kisan ƙare dangi na 1994 sai da ta dakatar da koyar da tarihin ƙasar a makarantu tsawon shekaru saboda ba a daidaita kan me za a faɗa ma yara ba. Ko ƙasashen Yamma basu haɗu kan abu ɗaya ba, lokacin da OECD, ƙungiyar haɗin gwiwar ƙasashe kan tattalin arziki, ta saka gwajin sanin duniya a PISA, jarrabawarta ta auna ɗaliban ƙasashe, a 2018 ƙasashe da yankuna 27 ne kawai suka zauna masa, Amurka da Ingila da Jamus da Faransa duk basu shiga ba. Kinga ba wai an gama magana bane mu kaɗai muka rage.

Inda na ga an bi hanya mai kyau shine Ingila wajen farawa, sai da aka kafa kwamiti ƙarƙashin masanin siyasa Bernard Crick ya kawo rahoto a 1998, aka ba makarantu lokacin shiri, sannan darasin ya zama wajibi ga 'yan shekara 11 zuwa 16 a 2002. Shekara huɗu tsakani. Mu malamai abinda muke roƙo kenan, a nuna ma iyaye da malaman addini da ƙungiyar malamai daftarin kafin a buga, a horar da mu, a bamu littafi a harshen da yaro yake ji.

Tsohon_Sufeto ya ƙara da cewa:

To in haka za a yi na sauko. Shawarata ga Hajiya, ki nemi silabus ɗin ajin da yaranki suke ki karanta da kanki, haƙƙinki ne, in akwai abinda bai kwanta miki ba ki kai shi taron iyaye da malamai a rubuce. Kuma a bi tsari daga kusa zuwa nesa, a firamare yaro ya san dokar aji da haƙƙin maƙwabci da dalilin bin layi, a ƙaramar sakandare ya san tsarin mulki da kotu da haraji da zaɓe, a babbar sakandare sai a buɗe masa Tarayyar Afirka da Majalisar Ɗinkin Duniya da rikicin yanayi da ƙaura, lokacin ya iya karatu ya iya muhawara. Abinda har yanzu ban samu amsarsa ba shine jarrabawa, domin in ba a saka darasin a jarrabawa ba makarantu zasu yi watsi da shi, in kuma aka saka zai koma hadda. 'Yata Ɗalibar Ilimi, a karatun da kuke yi yanzu an nuna muku wata hanyar auna shi banda tambayar zaɓi ɗaya cikin huɗu?