Akwatunan da aka tarar a asibitin Willard, ina masu su suka tafi?

Ummu_Sadiq:
Salam jama'a. Dan Allah akwai wanda ya ga hotunan nan na tsofaffin asibitocin masu taɓin hankali da aka yi watsi da su a Amurka? Gadajen ƙarfe sun yi tsatsa, fenti duk ya ɓare, ciyawa har tsakar ɗaki. Wanda ya tsaya min a rai shi ne na Willard a jihar New York, da za a rufe shi a 1995 sai ma'aikata suka hau ɗakin can ƙarƙashin rufi suka tarar da akwatunan marasa lafiya sama da 400, da yawa ɗauke da kayan da mai shi ya zo da su ranar da aka kawo shi, hotunan dangi, wasiƙu, takalma, wata har da kayan ɗinkinta. Mutum ya haɗa kayansa yana ganin kwana biyu zai yi ya koma gida, ashe zuwan kenan. Me ya sa aka rufe wuraren nan ne, kuma waɗanda ke ciki ina aka kai su?

Ɗan_Fagge:
Ni dai wlh ko kyauta ba na shiga irin wurin nan, kango haka ai matattarar mutanen ɓoye ce. Na ga na wani a Jamus kusa da Berlin, Beelitz, asibitin masu tarin fuka ne da, har tsigar jikina ta tashi.

Nas_Kaduna:
Wa alaikumus salam Hajiya. Aikina kenan, bari in ɗan faɗi abin da na sani. Willard an buɗe shi tun 1869 kuma dama don waɗanda aka ɗebe tsammanin warkewarsu aka gina shi, shi ya sa mutum kan shiga ya yi shekara talatin arba'in har ya mutu a ciki. A 1955 mutanen da ke kwance a irin waɗannan asibitocin gwamnati a Amurka sun haura dubu 550. To a daidai shekarun ne maganin Largactil ya fito, wanda har yau muna ba da shi, mutumin da a da sai an ɗaure shi sai ga shi ya natsu ana iya sallamarsa. Sai kuma 'yan jarida suka riƙa tona irin cunkoso da wulaƙancin da ke ciki, gwamnatocin jihohi su ma sun gaji da kashe kuɗi. A 1963 shugaba Kennedy ya sa hannu a dokar gina ƙananan cibiyoyi a cikin unguwanni don a riƙa kula da mutane kusa da gida, amma da yawa daga cikinsu ba a gina ba, kuɗin ma bai biyo baya ba. Wasu sun koma hannun dangi, wasu gidajen kula da tsofaffi, da yawa kuma titi ko gidan yari.

Maman_Hanifa:
Ɗan Fagge ka yi haƙuri amma maganar aljanun nan ita ce ke ɓata min rai da hotunan. Ana ɗaukarsu don a tsorata mutane, a manta cewa 'ya'yan wasu ne suka kwanta a gadajen. A maƙabartar Willard kusan mutum dubu 6 aka binne, ba a rubuta sunansu ba, lamba kawai aka kafa. Ina da ƙani mai wannan larurar, ni nake kai shi karɓar magani duk wata, in na ga akwatin nan shi nake gani. Ciwo ne fa, Allah na iya jarabtar kowa da shi.

Ɗan_Fagge:
Gaskiyarki ne Anti, Allah ya ba shi lafiya.

Nas_Kaduna:
Amin. Kuma abin da mutane da yawa ba su sani ba, tun suna can suna tunanin rufe nasu, a nan Najeriya Farfesa Thomas Adeoye Lambo ya fara wani tsari a Aro ta Abeokuta a 1954, mara lafiya ya zauna a ƙauyukan da ke kusa da asibiti tare da wani ɗan uwansa, da rana ya zo a duba shi, ba a raba shi da nasa ba. Duniya ta yaba masa sosai. Amma mu duba namu halin yanzu, a 2019 'yan sanda sun fito da mutane wajen 300 daga wani gida a Rigasa, wasu da mari a ƙafa. Iyaye ne da kansu ke kai 'ya'yansu irin gidajen nan saboda asibiti ya yi nisa ko magani ya yi tsada ko kuma kunyar abin da maƙwabta za su ce. Sai a farkon 2023 ma aka sanar Buhari ya sa hannu a sabuwar dokar lafiyar ƙwaƙwalwa da ta maye gurbin tsohuwa ta 1958.

Ummu_Sadiq:
Na gode ƙwarai Malam Nas, Allah ya saka da alheri. Akwatunan na ga an ce suna gidan tarihi na jihar New York yanzu. Maman Hanifa dan Allah wane asibiti kike kai ƙanin naki? Akwai wata maƙwabciyarmu da ɗanta ya fara surutai shi kaɗai, tun bara suke kulle shi a ɗaki, ina so in san yadda zan fara yi mata maganar ba tare da ta ji na tona musu asiri ba.