Rautata ba ta cikin jerin OpenWrt, in ɗora mata fayil ɗin 'yar'uwarta?

Dan_Gwaji

Assalamu alaikum 'yan'uwa. Ina da wata rauta (na'urar raba intanet) da kamfaninta ya daina sabunta mata manhaja, kusan kullum sai na cire mata wuta na mayar kafin ta dawo hayyacinta. Na so in ɗora mata OpenWrt, wato buɗaɗɗiyar manhajar Linux da ake sa wa rauta a madadin ta kamfani, na bi jerin na'urorinsu sama da ƙasa, babu ita.

Jiya na kwance ta. Kusoshi huɗu ne, biyu suna ɓoye ƙarƙashin robar ƙafafunta, saura ƙiris in fasa murfin kafin in gano su. A kan fanel na ga babban IC ɗinta, wato ƙwaƙwalwarta, MT7621 na kamfanin MediaTek, filash (inda manhaja ke zama) mai ƙafa takwas 16MB, RAM 128MB, sai wasu ramuka huɗu a jere da ba a rubuta komai a kansu ba.

Akwai wata a jerin, kamfani ɗaya, IC ɗaya, a waje ma kamar an tsaga kara. In sauke fayil ɗinta in ɗora kawai? Linux ba baƙona ba ne, amma ban taɓa haɗa manhaja daga tushe ba.

Tsohon_Hannu

Wa alaikumus salam. Ƙanina, ajiye fayil ɗin nan tukuna. Kama da wane ba ta wane. IC ɗaya ba ya nufin an raba filash iri ɗaya.

A cikin filash ɗin akwai wani ɗan ɓangare, a MediaTek sunansa Factory, a Atheros kuma ART. Nan aka ajiye lambar MAC da awon da aka yi wa rediyon rautarka a masana'anta. Nata ne ita kaɗai, ba a sauke shi a intanet. Ni na taɓa yin abin da kake shirin yi. Fayil ɗin ya hau, rauta ta tashi, har na fara murna, ashe ya bi ta kan Factory ya shafe. Wi-Fi ya zama sai ka tsaya a gindinta kafin waya ta gan shi. Tana nan a kwali har yau.

Ramuka huɗun nan kusan tabbas UART ne, hanyar da za ka haɗa rautar da kwamfuta ka ga abin da take rubutawa. Ka sa mita ka gano GND da farko, sannan TX da RX. Ka nemi adaftar USB mai 3.3V, waya uku kawai za ka haɗa, kada ka taɓa VCC, wato na wuta. In ka ga rubutu ya fito a hargitse a saurin 115200, gwada 57600, yawancin U-Boot (ƙaramar manhajar da ke tada rauta) na MediaTek a nan suke magana.

Ka bar manhajar kamfanin ta tashi, ka adana duk abin da ta rubuta, domin a ciki za ka ga sunan kowane ɓangare da inda ya fara. In ta ba ka damar rubuta umarni, duba /proc/mtd ka kwafe su kaf da dd, ka ajiye a wuri biyu. In ta hana, sai ka karanta filash ɗin da na'urar karanta filash ta CH341A da maƙali, amma ka auna shi tukuna, wasunsu 5V suke turawa a layin bayanai.

Gwajinka na farko da initramfs za ka yi, wato fayil ɗin OpenWrt da ke tashi daga RAM, ka tura shi daga kwamfuta ta TFTP. A jerin zaɓin U-Boot ɗin, 1 yana loda shi a RAM ne kawai, ka kashe wuta komai ya koma yadda yake. 2 shi ne ke rubutawa a filash. Makwabta ne a kan madannai, ka kula da yatsanka.

Mai_Lida

Malam ya gama magana kan tsaro. Ni sai in ce ka yi sa'a. Direban Wi-Fi na MediaTek, mt76, buɗaɗɗe ne, da Broadcom ka tarar a ciki da na ce ka haƙura da Wi-Fi. Kuma filash 16MB da RAM 128MB sun isa. Masu 4MB da 32MB tun bayan OpenWrt 19.07 aka sallame su.

Aikin bai kai yadda kake tsoro ba. A tushen OpenWrt, ƙarƙashin target/linux/ramips, ka kwafi fayil ɗin dts (mai bayanin kayan cikin rauta) na 'yar'uwar tata ka gyara, ka ƙara sunan taka a image/mt7621.mk, sai 01_leds da 02_network in da buƙata. Ka nemi kamfanin ya ba ka tushen manhajarsa ma, lasisin GPL ya wajabta masa. Da haka abin ya faro ai: Linksys ta saki na rautarta WRT54G a 2003, OpenWrt ya biyo baya a 2004. Sai dai kada ka zauna jiransu.

Dan_Gwaji

Allah ya saka da alheri. 57600 ne kuwa. Kuma Malam, ka cece ni: Factory ɗina ba a inda na waccan yake ba. Na kwafe komai, na loda ta lamba 1, hannuna har rawa yake. Ta tashi, rediyo biyun duk sun fito.

Saura abu uku. Fitilar wuta tana mutuwa da zarar ta gama tashi. In na soka wayar intanet a ramin LAN da aka rubuta 1, sai ta ce lan4. MAC kuma bai yi daidai da na takardar da ke manne a bayanta ba.

Tsohon_Hannu

Madalla. Fitila: ko lambar GPIO (ƙafar IC da ke kunna ta) ce ba daidai ba, ko an juya, gwada musanya ACTIVE_LOW da ACTIVE_HIGH. Ramuka: tun OpenWrt 21.02 MT7621 ya koma tsarin DSA na sarrafa ramukan LAN, sunayen suna cikin dts, ka juya label ɗinsu. MAC kuwa, buɗe kwafin Factory da hexdump ka nemi lambar da ke kan takardar. Ka fara dubawa a 0xe000 da 0xe006, can aka fi sa ta.

In za ka tura wa masu OpenWrt aikin a GitHub, sai da Signed-off-by da sunanka na gaskiya, ba Dan_Gwaji ba. Ka rubuta yadda ake ɗorawa da yadda ake komawa manhajar kamfani. Ka gwada komawar da kanka?

Dan_Gwaji

Ban gwada ba tukuna. Lambar tana 0xe000 daidai. Bari in gama da fitilar.