Jirgin Ngaundere ne, ko na Turai ne aka shafa wa fenti?

Tela na Garwa: Assalamu alaikum jama'a. Alhamdu lillahi, jiya bayan sallar isha'i na buga ƙusa ta ƙarshe. Wata goma sha ɗaya ina fama da teburin nan, yau ga ƙaramin samfurin tashar jirgin ƙasa ta Ngaundere ya tsaya da ƙafarsa a bayan shagona, ga hotonsa nan ku gani. Tsawonsa mita uku, faɗinsa mita ɗaya da kwata. Dutsen nan na Ngaundere mai ƙaton curi a kansa da takardar buhun siminti da gam na yi shi. Tsakuwar dogon kuwa yashin Binuwai ce, sau uku na tankaɗe ta da rariyar uwargida. Na kunna kan jirgin ya zaga sau ashirin bai yi tuntuɓe ba. Ina faɗa da babbar murya, daga Adamawa har bakin Tafkin Chadi babu wanda ya taɓa fitar da jirgin Ngaundere irin wannan. Mai ja ya fito.

Ɗalibin Dang: Wa alaikumus salam Kawu. Masha Allah, hannu ya yi aiki, musamman dutsen. Amma ka ce mai ja ya fito, to ga ni. Dogon da ka shimfiɗa milimita nawa ne tsakanin ƙarfe da ƙarfe?

Tela na Garwa: Irin wanda kowa ke amfani da shi mana, na HO. 16.5.

Ɗalibin Dang: To Kawu ka yi haƙuri, wannan ba jirgin Ngaundere ba ne. Ma'aunin HO na ƙananan jirage kashi ɗaya ne cikin 87 na girman jirgin gaske. Ka ninka 16.5 sau 87, zai ba ka milimita 1435, wato faɗin dogon Faransa da Jamus, irin wanda aka yi wa layin Abuja zuwa Kaduna. Namu daga Duwala har Ngaundere mita ɗaya ne cif, milimita 1000. Idan ka raba 1000 gida 87 sha ɗaya da rabi za ka samu. Shi ya sa masu son gaskiyar abu suke amfani da HOm, dogo mai milimita 12. Abin da ke kan teburinka jirgin Turai ne ya sa rigar Kamaru.

Tela na Garwa: Kai yaro! Ranar da na fara shiga jirgin nan daga Yawunde ko auren babanka ba a ɗaura ba. Yau kai ne za ka zo mini da lissafin allo?

Ɗalibin Dang: Allah ya huci zuciyarka Kawu. Ai kai tela ne, ka fi ni sanin awo. Da wani zai kawo maka yadi ka ɗinka masa wando ya fi ƙugunsa da kusan rabi, zai karɓa?

Alhaji na Injamena: Yaron nan ya ɗaure ka da zarenka, Tela. Ni dama tun da na ga hoton na san da sauran aiki, na yi shiru ne don zumunci. Ku zo falona ku ga ƙaramin jirgi ƙirar kamfanin Märklin na Jamus, da biyu ƙirar kamfanin Jouef da na sayo a Faransa da kwalinsu. Abin da injiniya ya auna ya zuba a masana'anta daban yake da abin da aka liƙa da gam.

Tela na Garwa: Alhaji, kai ma har da kai? Ƙasarku ko taku ɗaya na dogo babu. Duk shinkafa da simintin da kuke jira a Ngaundere ake sauke su daga tarago a ɗora wa manyan motoci, ta ƙofar shagona suke wucewa kafin su ga Marwa da Kusiri. Mu ne masu jirgi, ku masu jiran kaya.

Alhaji na Injamena: Shi ya sa nake da daraja! A Kamaru kai ɗaya ne cikin masu kallon jirgi. Ni a unguwarmu yara har layi suke yi ranar Juma'a don su ga yadda dogo yake, da yawansu a falona suka fara ganin tarago yana tafiya. Wa ya fi wani amfani?

Malama ta Kusiri: Alhaji, wannan gaskiya ne, kuma Allah ya saka da alheri. Amma kada a bar maganar yaron nan ta bi iska, domin akwai abin dubawa a cikinta. Bambancin ba na lamba kaɗai ba ne, ido ma yana ganinsa. Wanda ya taɓa tsayawa a tasha ya kalli jirginmu ta gaba ya san jikinsa ya fi ƙafafunsa faɗi nesa ba kusa ba, cikinsa ya zubo hagu da dama, ƙafafun sun shige can ciki. Wannan tsayuwar ita ce kamanninsa. A hoton Tela kuwa ƙafafun sun buɗe har sun kusa bakin jiki. Ni da nake koya wa yara lissafin kaso, da irin wannan nake ba su misali.

Tela na Garwa: Malama, na ji, kuma daga bakinki ba zan yi musu ba. Amma ku faɗa mini inda zan samu dogon 12 a Garwa. Wannan da kuke rainawa ma a gwanjo na tsince shi cikin kwalin kayan wasan yara, rabinsa ya yi tsatsa, da takardar yashi mai laushi na goge shi sanda-sanda. Na 12 sai an yi oda daga Turai, kuma abin da ake yi a kansa yawanci jiragen duwatsun Suwizalan ne, irin na kamfanin Bemo. Kuɗin kan jirgi ɗaya ya isa in sayi keken ɗinki. In sayar da keken da nake ci da shi saboda milimita huɗu da rabi?

Ɗalibin Dang: Ban ce ka sayar da komai ba Kawu. Cewa na yi a kira abu da sunansa. Ka ce ka gina tasha mai kyau, kowa zai sa hannu. Amma ka ce babu kamarta a daidaito, nan ne muka rabu.

Mai Gwangwani na Marwa: Ni dai ina gefe ina shan shayi ina jin masu kuɗi suna faɗa a kan abin da wani ya ƙera musu. Alhaji ya buɗe kwali, Tela ya shafa fenti, ɗalibi ya danna kwamfuta. A cikinku wa ya taɓa yanka gwangwanin madara ya buɗe shi, ya daddale shi da guduma a kan turmi, ya lanƙwasa ya haɗa da dalma har ya zama tarago? Taragu tara gare ni, kowanne da ƙofar da ke zugewa. Ƙafafun kawai na ciro daga matattun jiragen gwanjo. Yatsuna duk tabon gwangwani ne, ku zo ku ƙirga.

Alhaji na Injamena: Malam, taragunka na gan su bara. Suna da kyau, amma sun yi ƙiba. Kusa da nawa kamar raƙumi da jaki.

Mai Gwangwani na Marwa: Ƙibar ido ne ya ba ni ita, Alhaji. Na je tasha na zauna wuni guda ina kallo, na dawo na yi abin da na gani. Ban san 87 ba, ban san kakanta ba.

Baba Mai Ritaya: Salamu alaikum 'ya'yana. Jikata ce ta karanta mini duk abin da kuka faɗa, na ce ta rubuta mini amsa. Ni na yi aikin dogo tun zamanin Regifercam, hukumar jirgin ƙasa ta gwamnatin Kamaru, kafin a miƙa wa kamfanin Camrail a 1999, kuma sandar awo ta ƙarfe ita ce abokiyar aikina. Jamusawa ne suka fara shimfiɗa mita ɗaya daga bakin teku, aka bi sawunsu har dogo ya iso Belabo a 1969, ya iso Ngaundere a 1974. To ɗalibi, lissafinka daidai ne, amma ka tsaya a tsakiyar kogi. Ninka 12 ɗin naka sau 87. Milimita 1044 ke nan. Ka wuce namu da 44. Tsohon dogon Najeriya, wanda ya je Kano da Maiduguri, 1067 ne, tsakaninsa da naka 23 kacal. Ashe dogon da kake taƙama da shi ya fi kusa da jirgin Kano a kan jirgin Ngaundere. A wurin aiki, da na auna na ga layi ya buɗe da milimita 44, ba zan bar jirgi ya taka shi ba sai an gyara.

Tela na Garwa: Allahu akbar! Baba, Allah ya ƙara girma! Yaro, ina bakin?

Ɗalibin Dang: Na karɓa Baba, ban taɓa juya lissafin ta wannan fuskar ba. Amma kuskuren 44 da kuskuren 435 ba ɗaya ba ne, Kawu kada ya yi saurin rawa.

Baba Mai Ritaya: Ba ɗaya ba ne, kuma ban gama ba. Tela, zauna tukuna. Maganar Alhaji ce ta tsaya mini a rai, da ya ce taragun Marwa sun yi ƙiba. Ku bar dogon a 16.5 yadda yake, ku tambayi kanku wane girman jiki ne zai mayar da shi mita ɗaya. Ku raba 1000 da 16.5. Sittin da 'yan kai ne. Wato duk wanda ya gina jikin tarago a kashi ɗaya cikin 60 ko kusa da haka, ya ɗora shi a kan ƙafafun HO, to dogonsa ya zama mita ɗaya ba tare da ya sayi ko sanda ɗaya daga waje ba. Ɗana na Marwa, ɗauko rula ka auna mini faɗin tarago ɗaya.

Mai Gwangwani na Marwa: Baba na auna guda uku. Biyu milimita 45, ɗaya 46.

Baba Mai Ritaya: Ninka 45 sau 60, mita biyu da santimita saba'in. Ɗana, idonka bai yaudare ka ba, ka je kusa ƙwarai. A cikinku duka, mai gwangwanin madara shi ne jirginsa ya yi tsayuwar namu.

Malama ta Kusiri: Kuma wannan hanya ce da aka sani. Masu wannan sha'awa a Niyu Zilan da Ostareliya, inda ake da dogon 1067, da yawansu haka suke yi, jiki a kashi ɗaya cikin 64, dogo na 16.5. Wani daɗin kuma, ƙananan motocin ƙarfe na yara irin su Majorette da ake samu a kasuwa yawancinsu kusa da wannan girman suke. Tela, filin lodin da ka bari fayau a gefen tasha sai ka cika shi.

Mai Gwangwani na Marwa: Jama'a a shaida. Daga yau wanda zai yi mini magana ya fara da ranka ya daɗe.

Alhaji na Injamena: Ranka ya daɗe, amma har yanzu naka da hannu ake tura shi. Nawa ina zaune nake murɗa maɓalli ya tashi, fitilarsa na ci.

Mai Gwangwani na Marwa: Idan an ɗauke wuta fa, Alhaji? Ko hunturu ya buso ƙura ta kwanta a kan ƙarfe, kan jirgin ya tsaya yana ƙugi kamar mai tari? Nawa ba ruwansa da ƙura.

Tela na Garwa: Wannan kam ciwon kowa ne. Ni kullum da safe sai na bi dogon da tsumma da ɗan sifirit kafin in buɗe shago, da dare in lulluɓe shi da tsohon zanen gado. Zafin Garwa kuma ya koya mini barin 'yar tazara a mahaɗar sanduna, don a watan Afrilu ƙarfen miƙewa yake yi ya bankare. Amma Baba, ina neman hukunci a fili. Wata goma sha ɗaya na yi. Tashata ta Ngaundere ce ko ba ita ba ce?

Baba Mai Ritaya: Ɗana, da jikata ta buɗe mini hoton ta faɗaɗa shi, ban fara duba ƙafar jirgi ba. Matar nan na gani da ka yi da ƙyallen atamfa, tana miƙa kwalbar zuma ta tagar tarago, da ɗan dakon da ya sunkuya ƙarƙashin buhu. Shekaru na yi ina ganinsu da asuba idan jirgin dare ya shigo. Na daɗe ina kallonsu, har yarinyar ta tambaye ni ko lafiya. Tashar tamu ce. Jirgin da ke cikinta ne baƙo. Kuma kada wani ya ce zai yi daidai ta kowace fuska: daga Yawunde zuwa Ngaundere kilomita 622 ne, a ma'aunin HO sai ka nemi teburi mai kilomita bakwai da ɗoriya.

Ɗalibin Dang: To ai maganata ce Baba ya tabbatar. Jirgin baƙo ne.

Tela na Garwa: Tashar tamu ce, haka ya fara cewa! Ka riƙa jin magana daga farkonta.

Malama ta Kusiri: Akwai matsala ɗaya da ba ku hango ba. Idan taragun Marwa suka hau teburin Garwa, ginin tashar da mutanen da Tela ya yi a ma'aunin 87 za su koma 'yan tsugul kusa da su. Ko dai a sake gini, ko a matsar da shi can baya kusa da dutsen, ido ya ɗauka nisa ne ya rage shi.

Tela na Garwa: Ginin nan ba zan taɓa shi ba, sati shida na yi a kan rufinsa kaɗai. Matsarwa dai zan gwada. Ranka ya daɗe na Marwa, ka sako mini taragu uku a motar safe ranar Asabar, ka naɗe su da tsumma kada su lotse. Idan suka wuce lanƙwasar bayan dutsen ba su goge shi ba, kilishin Ngaundere na kowa a wuyana. Idan suka maƙale, ɗalibi ne zai saya, tunda shi ya tayar da ƙurar.

Ɗalibin Dang: Na yarda Kawu, amma da rulata zan zo.

Alhaji na Injamena: Ku ajiye mini kasona. Kuma Malam, idan akwai tarago na huɗu ina so, faɗi kuɗinsa.

Mai Gwangwani na Marwa: Ba na sayarwa ba ne Alhaji. Aiko mini da gwangwanin madara goma, manya, waɗanda ba su lotse ba.